Idan Ƙorafi Ya Iso Teburin Oga: Yadda Gidajen Jarida Ke Yi da Zargin Neman Lalata

A watan Oktoban 2019 sashen binciken ƙwaƙwaf na BBC Africa Eye ya saki wani bidiyo da ya girgiza Legas. 'Yar jarida Kiki Mordi da abokan aikinta sun shiga Jami'ar Legas da Jami'ar Ghana da ɓoyayyar kyamara, suka naɗo malamai suna neman ɗalibai mata da lalata. Babu jaridar da ba ta ɗauki labarin ba. Gidajen rediyo suka buɗe layin waya, editoci suka yi ta rubuta sharhi mai zafi, kowa na tambayar hukumomin jami'a: kuna ina ake wannan ɓarna? Jami'ar Legas ta dakatar da malaman da abin ya shafa, daga baya ta sallame su. Majalisar Dattawa ma ta amince da ƙudurin hukunta irin wannan laifi a manyan makarantu a watan Yulin 2020.

Aiki ne mai kyau, babu ja. Amma laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Tambayar da muka jefa wa shugabannin jami'a tana nan tana jiran editocinmu da manajojin gidajen rediyo da talabijin. Idan wakiliya ta shigo ofis ta rufe ƙofa ta ce, "Oga, wane ya dame ni," me ke biyo baya? Ni a ganina nan ne maganar take. Mai mugun hali ana samunsa a kowace ma'aikata, daga banki har gareji. Abin da ke sa ya daina ko ya ƙara ƙaimi shi ne abin da shugaba ya yi a ranar da ƙorafi ya fara isowa teburinsa.

Abin da alƙaluma suka nuna

A 2021 shirin Women in News na ƙungiyar masu buga jaridu ta duniya, WAN-IFRA, tare da wata jami'a a Landan, ya fitar da sakamakon bincike kan gidajen yaɗa labarai a ƙasashen Afirka takwas: Botswana, Kenya, Malawi, Ruwanda, Tanzaniya, Uganda, Zambiya da Zimbabuwe. Mutum 584 suka amsa tambayoyi. Kusan rabin matan, wato kashi 47 cikin ɗari, sun ce an taɓa cin zarafinsu ta wannan fuska a bakin aiki, ko da baki ko da taɓa jiki. Kashi 30 kacal na abubuwan da suka faru aka kai wa hukumar gidan. A cikin waɗanda aka kai ɗin, kashi 42 ne aka ɗauki wani mataki a kai, kuma matakin da aka fi ɗauka shi ne jan kunne.

Ku yi lissafin da kanku. A cikin abubuwa ɗari da suka faru, talatin suka isa ofis. A cikin talatin ɗin, kamar goma sha uku ne aka yi ko da motsi a kansu. Saura tamanin da wani abu sun bi ruwa. Binciken ya kuma nuna cewa kusan biyu cikin biyar na masu aikata laifin shugabanni ne, ko wanda ke saman matar kai tsaye ko wani babba a gidan. Dalilan da matan suka fi bayarwa na yin shiru su ne tsoron rasa aiki ko ramuwar gayya, da rashin sanin inda za a kai ƙara.

Najeriya ba ta cikin ƙasashen takwas, don haka ba zan ɗora mana waɗannan lambobi ba. Sai dai duk wanda ya taɓa kwana a ɗakin labarai a Ikeja ko Ibadan ko Fatakwal ya san tsarin aikin iri ɗaya ne. Edita ne ke yanke wanda labarinsa zai fita da sunansa. Shi ke raba fagen aiki, wa za a tura gidan gwamnati ko sashen man fetur inda ake samun na goro, wa za a bari da labarin kasuwa. Shi ke zaɓen mai bin tawaga zuwa Abuja ko ƙasar waje, a kwana a otal. Ana aikin dare, ana tashi ƙarfe ɗaya, yarinya ba ta da mota, oga yana da ita. Ga kuma albashin da a gidaje da yawa sai a yi watanni ba a gan shi ba. Mutum ɗaya yana riƙe da abincinki da sunanki da hanyar komawarki gida. Idan shi ne mai damun ki, wa za ki faɗa wa? Idan kuma abokinsa ne na shekara ashirin, me kike tsammanin zai yi?

Yadda ake binne magana

Na daɗe ina lura da yadda irin wannan ƙorafi ke mutuwa, kuma hanyar kusan guda ce.

Da farko a rage wa abin girma. "Ai wasa yake yi. Haka yake da kowa. Ke ma kin cika ɗaukar abu da zafi." Manaja bai ce ƙarya take ba, bai kuma ce gaskiya ta faɗa ba. Ya dai sauke maganar daga laifi zuwa rashin fahimta, ba tare da ya rubuta ko kalma ɗaya ba.

Idan ta dage, sai a kira sulhu. A zaunar da su biyun a ofis ɗaya, a rufe ƙofa, babba ya ce, "Idan na ɓata miki rai, ki yi haƙuri." Oga ya ce to shi ke nan, a bar kaza cikin gashinta, mu duka 'yan gida ɗaya ne. Ta fito ta koma kujerarta, wanda ta kai ƙara shi ne zai duba rubutunta da yamma, kuma yanzu ya san ta kai shi.

Idan zaman ya gagara, sai a ɗauke ta. A mayar da ita wani sashe, ko aikin safe, ko wani ofis a wata jiha, a ce don kwanciyar hankalinta ne. Shi yana nan a kujerarsa. Sauran matan gidan sun ga darasin sarai: wadda ta yi magana ita ke tattara kayanta.

Idan kuma ta kai maganar waje, sai a juya tuhumar kanta. Nan za ka ji ana cewa idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. A fara tono irin shigarta, da lokacin da take zuwa aiki, da kuskuren da ta yi a wani labari wata shida baya. Takardar tuhuma ta fara zuwa, ɗaya bayan ɗaya, har a samu dalilin sallama da ba ya da alaƙa da ƙorafin a takarda. Wani lokaci lauya ya aiko da wasiƙar barazanar ƙarar ɓata suna.

Ba na cewa duk manajan da ya yi haka mugu ne. Da yawansu lissafi suke yi. Wanda ake zargi shi ne muryar da masu sauraro suka sani, shi ke kawo talla, shi ya san mai gidan jaridar. Mai ƙorafi ta zo bara, ko ma ba a ba ta takardar ɗaukar aiki ba. Sai manaja ya ɗora su a sikeli, ya ga rasa ta ya fi araha. Matsalar ita ce wannan lissafi ya sha karyewa a hannun waɗanda suka fi mu kuɗi da lauyoyi.

Darasi daga manyan gidaje

A Amurka, cikin Yulin 2016, tsohuwar mai gabatar da shiri a tashar Fox News, Gretchen Carlson, ta kai shugaban tashar Roger Ailes kotu kan neman ta da lalata. Ya musanta, amma cikin makonni biyu da 'yan kwanaki ya bar kujerarsa bayan wasu matan sun fito da nasu bayanin. Kamfanin ya biya ta dala miliyan 20 tare da ba ta haƙuri a bainar jama'a. Ba a gama da wannan ba, a Afrilun 2017 jaridar New York Times ta bayyana cewa an biya mata biyar kimanin dala miliyan 13 don kashe zarge-zarge a kan babban tauraron tashar, Bill O'Reilly, wanda shi ma ya musanta. Kamfanoni fiye da hamsin suka janye tallarsu daga shirinsa, aka sallame shi a watan. Daga baya ta fito cewa a farkon shekarar kamfanin ya sabunta masa kwantiragi a kan dala miliyan 25 a shekara, alhali ya san da wani sabon sulhu da mutumin ya yi da wata mata. Wato shekara da shekaru shugabanni suna ɗaukar ƙorafin mata a matsayin kuɗin da ake kashewa don riƙe tauraro. Ba su motsa ba sai da masu talla suka motsa.

A Ingila abin ya zo ta wata fuska. Bayan mutuwar shahararren mai gabatar da shirye-shirye Jimmy Savile a 2011, asirinsa ya tonu. Binciken da tsohuwar mai shari'a Janet Smith ta jagoranta, wanda aka fitar a Fabrairun 2016, ya gano mutum 72 da ya ci zarafinsu ta dalilin aikinsa a BBC. Rahoton bai samu hujjar cewa shugabannin ƙoli sun sani ba. Abin da ya samu shi ne ƙananan ma'aikata sun ji, wasu sun gani, amma tsoro da girmama taurari sun hana maganar hawa sama. Shugaban da ke cewa "ni ba wanda ya taɓa kawo mini ƙara" ya kamata ya tsaya a nan. Rashin ƙara a teburinka yana iya nufin gidanka lafiya lau. Yana kuma iya nufin kowa ya san kawo maka ba ta da amfani.

Na baya-bayan nan shi ne na Japan. A ƙarshen 2024 mujallu suka fallasa wani abu da ya faru a 2023 tsakanin fitaccen mai gabatar da shiri Masahiro Nakai da wata ma'aikaciyar tashar Fuji TV. Shugaban tashar, Koichi Minato, ya amsa cewa ya san da maganar tun jim kaɗan bayan faruwarta. Ya ce sun rufe ta ne don kare sirrin matar. Amma shirin Nakai ya ci gaba da fita sama da shekara guda, ita kuwa ta bar aiki. Manyan kamfanoni irin su Toyota suka janye talla, gommai suka bi sahu. Ranar 27 ga Janairun 2025 Minato da shugaban hukumar gudanarwar tashar suka yi murabus, a wani taron manema labarai da ya wuce awa goma. Kwamitin lauyoyi masu zaman kansu da aka kafa ya ce a ƙarshen Maris an ci zarafin matar, kuma abin yana da nasaba da aikinta. Lauyoyin Nakai sun ƙi amincewa da wannan. Ku lura, babu wanda ya zargi shugabannin da suka sauka da taɓa kowa. Yadda suka riƙe ƙorafin ne ya ci kujerunsu. Kuma hujjar da suka kawo, "don rufin asirinta ne", ita ce dai muke ji a nan kullum.

A Indiya kuwa makamin ƙarar ɓata suna aka zaro. A 2018 mata 'yan jarida da dama suka zargi M.J. Akbar, tsohon babban edita wanda a lokacin ƙaramin ministan harkokin waje ne, da abubuwan da suka ce ya yi musu lokacin da yake shugabansu. Ya musanta, ya kai ɗaya daga cikinsu, Priya Ramani, kotu, sannan ya sauka daga muƙami. Sai a Fabrairun 2021 kotu a Delhi ta wanke ta. Shekara biyu da watanni tana zarya a kotu a matsayin wadda ake tuhuma. 'Yar jarida nawa ce a nan za ta iya wannan doguwar tafiya da albashin da take karɓa?

Abin da doka ta tanada a nan gida

Mutane da yawa suna zaton babu doka. Akwai, kuma mu da ke Kudu, musamman Legas, muna kusa da ita. Gaskiya ne Dokar Ƙwadago ta tarayya ba ta ambaci wannan laifi da sunansa ba. Amma Dokar Manyan Laifuka ta Jihar Legas ta 2011 ta ambace shi, da hukuncin ɗaurin shekara uku. Gyaran tsarin mulki na 2010, a sashe na 254C, ya ba Kotun Ma'aikata ta Ƙasa hurumin sauraron ƙarar neman lalata da nuna wariya a wurin aiki. Dokar hana cin zarafin jama'a da Shugaba Jonathan ya sa wa hannu a 2015 ta zo da nata tanadin, jihohi da yawa sun karɓe ta. A Nuwamban 2022 kuma Najeriya ta amince da yarjejeniya ta 190 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda kariyarta ta haɗa da masu koyon aiki da masu aikin sa kai da masu neman aiki, ta kuma haɗa da tafiyar aiki da saƙonnin waya da suka shafi aiki.

Hukuncin da ya kamata kowane manaja ya sani shi ne wanda Kotun Ma'aikata ta yanke a Legas a Disamban 2013, a ƙarar da wata ma'aikaciya ta shigar da kamfanin Microsoft da shugabansa na Najeriya. Ta ce ya yi ta damun ta, ta ƙi, aka sallame ta. Kotu ta yarda da ita, ta ba ta diyyar da ta kusa naira miliyan 40. Kotun ba ta tsaya kan mutumin kaɗai ba, ta haɗa da kamfanin, saboda ya gaza kare ma'aikaciyarsa. Ma'ana, ogan da ya ce a bar kaza cikin gashinta yana ɗora wa gidansa bashi ne, ko ya sani ko bai sani ba.

To amma doka tana can ƙarshen hanya. Kafin mace ta isa kotu, ta riga ta rasa aikin, an riga an yi da ita a gari. Shi ya sa nake cewa teburin manaja ya fi zauren kotu muhimmanci a wannan magana.

Ina ruwanmu?

Wani zai ce wannan matsalar manyan gidajen jarida ce, mu 'yan Sabo da Agege da Idi-Araba da Shagamu da Onica ina ruwanmu? Ruwanmu har wuya. 'Ya'yanmu mata yanzu suna karanta aikin jarida a jami'o'i da kwalejojin Kudu. Dole su je neman sanin makamar aiki na wasu watanni, dole a sa musu hannu a littafin shaida kafin makaranta ta ba su maki. Wasu an turo su yi wa ƙasa hidima, takardar wata-wata da ake biyan alawus da ita tana hannun oga. Su ne mafi rauni a kowane ɗakin labarai, don ba ma'aikata ba ne a takarda, kuma sa hannun mutum ɗaya ya isa ya riƙe su.

Sannan ga namu na kanmu. Shirin Hausa a gidajen rediyon Kudu yawanci ɗan ƙaramin sashe ne, wani lokaci ma fili ne da mutum ɗaya ya saya, shi ke nemo talla, shi ke ɗaukar masu taya shi, shi ke biyan su daga aljihunsa. Hukumar tashar ba ta jin Hausa, ba ta san su wa ke shiga da fita ba, ita dai a biya kuɗin fili. Haka kafafenmu na intanet da tashoshin YouTube da ke tasowa: mai gida shi ne edita, shi ne akawu, shi ne ofishin karɓar ƙorafi. Mafi yawan masu wannan aiki mutanen kirki ne da ke wahala don a ji muryarmu a garin da ba namu ba. Amma tsarin da ya dogara kacokan kan kirkin mutum ɗaya, ranar da aka samu wanda ba shi da kirki, ba abin da zai tare shi.

Ga kuma nauyin zaman baƙunta. Unguwa ƙarama ce, kowa ya san gidan kowa. Yarinyar da ta yi ƙorafi da safe, kafin magariba labarin ya kai majalisar shayi, kuma ba sunan mutumin za a riƙe ba, nata za a riƙe, har ranar da aka zo neman aurenta. Iyaye da yawa maganinsu ɗaya ne: "Daga yau kin bar aikin." Sai mu yi asarar 'yar jarida, shi kuma ya jira mai zuwa. Wasu kuma su ce kada a kai maganar wajen 'yan gari, kada a ce Hausawa kaza. Ba mu manta da abin da ya faru a Fabrairun 2019 ba, lokacin da matan Arewa suka fara ba da labarinsu ƙarƙashin maudu'in ArewaMeToo, 'yan sanda suka kama ɗaya daga cikin masu fafutukar, Maryam Awaisu, a Kaduna. Mata sun ga wannan, sun kuma ɗauki darasi.

Akwai masu kawo hujjar addini su ce ina shaidu huɗu? Shaidu huɗu sharaɗi ne na tabbatar da haddin zina a gaban alƙali. Ba wanda ke neman shaidu huɗu kafin ya binciki akawun da kuɗi suka ɓace a hannunsa. Ladabtar da ma'aikaci a ofis wani babi ne daban. Ƙissar Annabi Yusuf, Alaihis Salam, da muka taso muna ji ta isa misali. Mai iko a gida ce ta neme shi, shi yana ƙarƙashinta. An duba hujja, rigar da ta yage ta baya ta nuna mai gaskiya. Maigidan ya gane, amma ya zaɓi a rufe maganar, daga ƙarshe wanda aka zalunta shi ya tafi kurkuku. Ƙissar ta nuna namiji ma ana iya yi masa, ta nuna ana aiki da alamu, ta kuma nuna inda rufa-rufar shugaba ke kai marar ƙarfi.

Abin da manaja zai iya yi tun gobe

Babu ɗaya daga cikin abubuwan nan da ke buƙatar kuɗi mai yawa.

A samar da ƙofa ta biyu. Ma'aikaciya ta san mutum biyu ko uku da za ta iya kai wa ƙara, aƙalla ɗaya mace, aƙalla ɗaya ba ya ƙarƙashin edita. Indiya ta mayar da wannan doka tun 2013: duk ma'aikatar da ke da mutum goma ko fiye dole ta kafa kwamiti, mace ta shugabance shi, a sa mutum ɗaya daga waje, a gama bincike cikin kwana 90. Ƙaramin gida da ba shi da mutanen da za su cika kwamiti yana iya haɗa kai da reshen ƙungiyar mata 'yan jarida ta NAWOJ ko na NUJ a jiharsa, ko wata lauya da aka amince da ita.

A rubuta komai tun ranar farko, da kwanan wata, ta karanta ta sa hannu, a ba ta kwafi. Ƙorafin da ba a rubuta ba, gobe za a ce ba a yi shi ba.

A raba su kafin a gama bincike, amma wanda ake zargi ne za a cire wa iko a kanta. Kada ya duba aikinta, kada ya sa hannu a takardarta, kada ya yanke tafiyarta. Ita ta zauna inda take, sai idan ita ta nemi canji.

A saurari wanda ake zargi shi kaɗai, a nuna masa abin da aka ce, a ba shi lokacin kare kansa. Masu tsoron ƙazafi, kuma tsoro ne mai tushe, su ne ya kamata su fi kowa son rubutaccen tsari. Inda babu bincike, jita-jita ce ke yanke hukunci, mai laifi ya tsira, marar laifi ya kwana da tabo.

A faɗa wa mai ƙorafi sakamakon, a kuma sa ido a kanta wata shida ko shekara. Idan takardun tuhuma suka fara sauka a kanta bayan ƙorafi, wannan ramuwa ce, a ɗauke ta laifi mai zaman kansa. Wanda kuma aka tabbatar ya aikata, kada a sallame shi a ɓoye da takardar yabo ya koma tashar da ke gaba ya ci gaba.

Tashar da ke sayar da fili ta sa a cikin yarjejeniya cewa duk wanda ke shiga ɗakin shirinta, ko ma'aikacinta ne ko na mai sayen fili, yana ƙarƙashin wannan tsari, a kuma fassara shi da Hausa a manna a bango.

Namu ɓangaren

Ga 'yar'uwa da ke cikin wannan hali: kada ki goge saƙo, ki ajiye hotonsa a wani wuri daban, ki rubuta rana da lokaci da wanda ke wurin, ki faɗa wa mutum ɗaya da kika yarda da shi tun da wuri. Ki kai ƙara a rubuce. A Legas akwai hukumar jiha mai kula da cin zarafi a gida da na lalata, DSVA, akwai kuma cibiyar Mirabel a asibitin koyarwa na jiha da ke Ikeja ga wadda abin ya kai ga taɓa jiki.

Ga iyaye: kafin ku bar yarinya ta fara aiki a wani gida, ku tambaya, idan wani abu ya faru, wa ake kai wa? Tambayar kaɗai tana sanar da su cewa tana da gata. Idan ta dawo da kuka, kada hukuncin farko ya zama nata.

Ga sarakunan Hausawa da limamai da dattawan unguwa da ake kai wa irin wannan magana: sulhu alheri ne, amma sulhun da aka yi kafin a san abin da ya faru rufa-rufa ne. A fara bincike, sannan a yi maganar yafiya, kuma mai haƙƙi ce za ta yafe, ba a yafe a madadinta.

Ga 'yan kasuwarmu na Mile 12 da Alaba Rago da sauran kasuwanni da ke ba shirye-shiryen Hausa talla: kuɗinku ne ke riƙe da filin. A Amurka da Japan masu talla ne suka tilasta gyara. Ku ma idan kuka tambayi mai shiri wane tsari yake da shi na kare yaran da ke masa aiki, zai nemo amsa kafin sati ya zagayo.

Gidan jarida da amana yake ci. Ranar da muka aika wakiliya ta je ta tambayi shugaban jami'a ko kwamishina me ya yi da ƙorafin da aka kawo masa, ya kamata ita kanta ta san me nata ogan zai yi idan ta kawo masa irinsa. Editan da ba ya da amsar wannan, ya fara rubuta ta kafin ya rubuta sharhi na gaba a kan wani.